Akwatin dainoso da na sayo wa yara a Gombe, robar kam ta yi amma katin ya sha gishiri

Tun satin da ya wuce nake son in zauna in rubuta wannan abin ban samu sarari ba, sai yau da kasuwa ta yi sanyi ba mai ko leƙo shago. Ni dai sana'ata siminti da rodi ce a nan Gombe, shekara 14 kenan ina cikinta, na faɗi haka ne don kada a yi mamakin yadda zan riƙa kawo zancen buhu da tan a maganar kayan wasan yara, ai kowa da abin da ya iya yake awo.

Yarona na biyu shekararsa 9, na yi masa alkawari in ya haɗa izu 5 a islamiyya zan saya masa duk abin da ya zaɓa in dai bai fi ƙarfina ba. Na ɗauka keke zai ce. Yaron nan ya ce shi kam dainoso yake so, wato dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare sai ƙasusuwansu ake tonowa, irin waɗanda yake gani a wayar mamarsu. Toh alkawari kaya ne, ranar Asabar bayan la'asar na ɗauke shi a mashin muka nufi wani shagon kayan yara da littattafai da ke wajajen Jekadafari, ba zan kama sunan shagon ba don ba faɗa na zo yi ba kuma mai wurin mutumin kirki ne.

Abin da muka samu akwati ne na kwali ɗan Chana, gabansa leda ce mai kauri ana hango na ciki. Dabbobin roba 12 ne, kowanne da katinsa mai hoto a gaba da bayani a baya da Turanci, wato sunansa da tsawonsa da nauyinsa da ƙasar da aka tono shi, sannan akwai babbar fosta guda ɗaya ta mannawa a bango. Yaron shagon ya ce 18,500, na ce haba ɗan samari roba ce fa ba zinariya ba, ya ce Alhaji dala ce ta tashi, muka yi ta ja har mai shagon ya leƙo daga ciki ya ce a bar min a 17,000. Na yi tiransifa, netwok ya riƙe kuɗin kusan minti 20, amma fa sun kyauta, sun ba mu benci da ruwan leda mai sanyi har alat ya shigo, ba wanda ya yi mana kallon banza. A wannan ɓangaren kam ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Ita kanta robar in gaskiya za a bi tana da kyau. Tana da nauyi a hannu, ba irin fankon nan ba ce da yaro zai taka sau ɗaya ta lotse. An yi musu zanen fata da haƙora da farata tsaf, manyan guda 4 bakinsu yana buɗewa yana rufewa. Yau kwana 19 kenan yara 5 suna dambe da su a tsakar gida, an jefa su a bokiti, an binne su a yashi, autata ta tauni wutsiyar ɗaya, amma har yanzu abin da ya karye ƙahon guda ɗaya ne kawai. Matsalarsu ta farko wari, ranar da aka buɗe akwatin ɗakin ya ɗauki warin sabuwar roba kamar shagon mai faci, sai da mamarsu ta wanke su da omo ta shanya kwana 2 kafin ya lafa. Fentin jan da ke cikin bakinsu yana goguwa a hannu in ya jiƙe, don haka mai yaro ɗan ƙasa da shekara 3 ya kula, komai baki suke kaiwa. Sannan wani shirme, duk girmansu kusan ɗaya aka yi, Velociraptor wanda a zahiri bai wuce mita 2 ba har da wutsiya kuma nauyinsa bai fi na talotalo babba ko ɗan akuya ba, an yi shi kai da kai da ƙaton mai cin naman nan T. rex. Har da mai fukafukin nan da wani na ruwa aka cusa a ciki alhali su ba dainoso ba ne ma, dangi ne kawai na nesa. Wannan duk na yafe, kayan wasa ne.

Abin da ban yafe ba shi ne katin.

Daren da muka dawo ina cin tuwo yaron ya zo da katin wanda ya fi so, Spinosaurus, shi yana ce masa Mai Tozo saboda dogon abin nan da ke tsaye a gadon bayansa. Ya ce Baba ka san wannan tsawonsa mita 18 ne kuma nauyinsa tan 20? Na ajiye loma. Jama'a ni na san tan 20. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 20 tan ɗaya kenan, tan 20 buhu 400 kenan cif, tirelar da ke taso mana daga Ashaka buhu 600 take ɗauka wato tan 30, kuma tayoyi nawa ne a ƙarƙashinta? Yanzu a ce min wata dabba tana yawo da kashi 2 cikin 3 na lodin tirela a kan ƙafa biyu tana bin abinci da gudu. Ban ce Allah ba zai iya ba, Ya halicci abin da ya fi haka, masu cin ganyen nan masu dogon wuya sun ninka haka amma su a kan ƙafa huɗu suke kamar ginshiƙan gada. Kawai dai an ce da kare ana biki a gidansu ya ce in gani a ƙasa. Babban toron giwa ma, irin giwayen da ake zuwa kallo Yankari, wajen tan 6 ne, buhu 120, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da giwa ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Sai na kira ƙanena, shi jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ƙasa, ya karanta a jami'ar ATBU Bauchi, yaran suna ce masa Bappa. Yana jin lambobin ya kwashe da dariya ya ce Yaya ai wannan tsohon zance ne, bara in turo maka abin karantawa. Daga nan fa na shiga uku, kwana 4 ina ƙona data da daddare ina karatun ƙasusuwa kamar wanda zai yi jarrabawa, har uwargida ta fara tambaya ko lafiya.

Ga yadda labarin Mai Tozo yake. A 1912 aka fara tono ƙasusuwansa a wajen Bahariya cikin hamadar Masar, wani Bajamushe mai suna Ernst Stromer ya yi bayaninsa ya raɗa masa suna a 1915. Ko a lokacin ba cikakken ƙwarangwal ba ne, guntun muƙamuƙin ƙasa ne da haƙora da wasu ƙasusuwan baya masu dogayen tsinkuna, mafi tsayinsu ya kai mita 1.65, kusan tsayin mutum. Aka ajiye su a gidan tarihi a birnin Miyunik na Jamus, sai yaƙin duniya na biyu ya zo, a watan Afrilu na 1944 jiragen Ingila suka yi ruwan bama-bamai a garin, ƙasusuwan suka tafi gabaɗaya. Saura zane da hotuna da abin da Stromer ya rubuta. Wato shekaru da dama dabbar da ake cewa ta fi kowa girma a masu cin nama, ko ƙashinta ɗaya na kirki babu a hannun kowa.

Toh daga ina mita 18 ta fito? A 2005 wasu masana, jagoransu ɗan Italiya Cristiano Dal Sasso, suka yi bayanin wani guntun hanci, wato gaban baki na sama, da aka samo a Maroko, tsawonsa ya kusa mita 1. Daga wannan guntun suka ƙiyasta cewa dukkan kan zai kai mita 1.75, daga kan kuma suka ƙiyasta jikin ta hanyar kwatanta shi da wani ɗan uwansa da aka fi samun ƙasusuwansa, suka ce tsawon zai kama tsakanin mita 16 zuwa 18, nauyi kuma tan 7 zuwa 9. A lura da kyau, su da suka ce mita 18 ba su ce tan 20 ba. Tan 20 ɗin daga wani binciken daban ta fito, na 2007, na François Therrien da Donald Henderson, su kuma lissafinsu daga tsawon kai suka gina shi suka samu tan 12 zuwa kusan 21, amma a tsawo sun ce mita 12.6 zuwa 14.3 ne kawai, wato sun ma rage shi. Kuma an yi musu raddi cewa dabbobin da suka ɗora ma'auninsu a kai masu gajeren kai ne da kaurin jiki, shi kuwa Mai Tozo kansa siriri ne dogo kamar na kada, in ka auna shi da mudun wasu dole ya fito da ƙiba ta ƙarya.

Kun ga abin da mai buga katin ya yi kenan. Ya je wajen na farko ya ɗauko lambar da ta fi girma a tsawo, ya je wajen na biyu ya ɗauko lambar da ta fi girma a nauyi, ya haɗa su a dabba ɗaya wadda babu masanin da ya taɓa cewa ta wanzu. Kamar dillalin fili ne ya ɗauki tsawon wannan fuloti da faɗin wancan ya rubuta maka a takarda ɗaya. Wannan ne ya fi ba ni haushi, don ba ƙarya ce tsagwaronta ba da za ka kama nan take, kowace lamba tana da asali, haɗin ne na zuƙi ta malle.

Abin da ya biyo baya ya ƙara sauke shi. A 2014 Nizar Ibrahim da abokan aikinsa suka fito da wani ƙwarangwal da aka tono a yankin Kem Kem na Maroko, sai ga shi ƙafafun bayan dabbar gajeru ne, tsawonta aka ce wajen mita 15. A 2020 suka fito da wutsiyarta, faffaɗa kamar abin tuƙa kwalekwale, alamar ruwa take shiga kamun kifi. A 2022 Paul Sereno da tawagarsa suka sake gina jikin a kwamfuta suka samu wajen mita 14 da tan 7.4. Da lissafina buhu 148 kenan. Daga buhu 400 zuwa 148! In direba ya taso da takardar buhu 400 ya iso min da 148 ai sai dai a ji mu a ofishin 'yan sanda. Har yau masanan suna ta musu a kan ko yana nutso ne ko a bakin ruwa yake tsayawa kamar zalɓe, wannan rigimarsu ce, amma ba wanda yake maganar tan 20 kuma. Ita robar ma tsohon fasali aka yi mata, dogayen ƙafafu da siririyar wutsiya, irin wanda aka nuna a wani fim na Amurka a 2001 inda ya karya wuyan T. rex, daga fim ɗin nan ne ma sunansa ya shiga bakin yaran duniya. Fostar ma faɗan nasu aka zana a tsakiya, alhali Mai Tozo ya rayu a arewacin Afirka wajen shekara miliyan 95 da suka wuce, shi kuwa T. rex a arewacin nahiyar Amurka shekara miliyan 68 zuwa 66, kusan shekara miliyan 30 ne a tsakaninsu ban da teku.

Katin T. rex an rubuta mita 15, tsayi daga ƙasa mita 6. Shi kam ba shi da uzuri don shi ne aka fi sani a cikinsu. Akwai wanda ake ce wa Sue, wata mata Sue Hendrickson ce ta gano shi a 1990 a jihar Dakota ta Kudu da ke Amurka, an samu kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsa, a 1997 aka yi gwanjonsa a kan dala miliyan 8 da ɗoriya, yanzu yana gidan tarihi na Field a Shikago. Tsawonsa wajen mita 12.3 ne, tsayinsa a ƙugu ya kusa mita 4. Mita 12 kuwa ita ce tsawon rodi guda in ka miƙe shi, abin da nake sayarwa kullum. Akwai wani kuma Scotty da aka tono a Kanada, aka fara gano shi a 1991, a 2019 aka ƙiyasta nauyinsa kilo 8,870, buhu 177 da ɗan kai, jaridu suka yi ta yayata cewa an samu sabon sarki, amma hanyar da aka bi, wato auna kaurin ƙashin cinya a ƙiyasta nauyin da yake ɗauka, tana da kuskuren da zai iya kai kashi 25 cikin 100 sama ko ƙasa, kenan bambancinsa da Sue bai ma fita daga cikin kuskuren awon ba. Ita kuwa mita 6 ta tsayi gadon tsofaffin littattafai ce, lokacin da ake tsayar da shi ƙiƙam kamar mutum yana jan wutsiya a ƙasa, haka aka kafa ƙwarangwal ɗinsa a gidan tarihi na Niyok a 1915 sai a shekarun 1990 aka gyara aka kwantar da bayansa ya daidaita da wutsiya kamar sikeli.

Adalci dai, mita 15 tana da wani asali na kwanan nan. A 2024 Jordan Mallon da David Hone suka yi lissafi a kwamfuta suka ce tunda waɗanda aka tono 'yan kaɗan ne a cikin ɗimbin da suka taɓa rayuwa, mai yiwuwa mafi girman da ya taɓa takawa a doron ƙasa ya kai mita 15 da tan 15. Magana ce mai ma'ana, ko a mutane ai in ka ɗauki mutum 30 a tashar Dukku ba lallai ka dace da wanda ya fi kowa tsawo a Najeriya ba. Amma su da bakinsu sun ce hasashe ne, ba a tono shi ba. Bai kamata a rubuta wa yaro wannan a matsayin girman T. rex ba, kamar ka ce tsawon Bahaushe shi ne tsawon dogon da ya fi kowa a tarihi.

Na uku Giganotosaurus, katinsa ma mita 15. Wani makanike mai sha'awar tonon ƙasusuwa, Rubén Carolini, shi ya gano shi a 1993 a yankin Patagoniya na Ajantina, aka sa masa suna a 1995, an samu wajen kashi 70 cikin 100 na jikin kuma tsawonsa tsakanin mita 12 da 13 ne. Sai aka samu wani guntun muƙamuƙi shi kaɗai, ba komai tare da shi, aka ce ya fi na farkon da kashi 8 cikin 100, shikenan aka hura dukkan dabbar da kashi 8 aka ce kansa ya kai mita 1.95. Daga baya aka sake awo aka ga bambancin bai kai haka ba, kan ma da aka samu wani ɗan uwansa mai cikakken ƙoƙon kai aka kwatanta sai ƙiyasin ya dawo wajen mita 1.6. Ni abin ya ba ni dariya, ai ko a layinmu akwai mai babban haɓa kuma gajere ne, in bayan shekara dubu aka tono haɓarsa kaɗai sai a ce samudawa ne suka zauna a Pantami.

Wani abu da ƙanena ya fahimtar da ni, wanda da ma na sani a aikace ban dai taɓa kawo shi nan ba, shi ne nauyi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsawo. In ka gina tankin ruwa ka ninka tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa sau 2, ruwan da zai ci sau 8 ne ba sau 2 ba. Haka dabba. Ka ƙara mata kashi 10 cikin 100 a tsawo, nauyi ya ƙaru da kusan kashi 33. Shi ya sa ɗan kuskure kaɗan a guntun ƙashi yake zama tan 3 ko 4 a takarda. Ga kuma wutsiya, ita ce kusan rabin tsawon kuma ƙananan ƙasusuwan ƙarshenta ba kasafai ake samunsu ba, sai mai haɗawa ya cike da nasa ƙiyasin. Ga nama da kitse da iskar da ke cikin huhu, duk babu su a dutse, wani ya yi dabbar da ƙiba wani ya yi ta a rame. Masanan kansu suna rubuta daga kaza zuwa kaza, suna faɗin iyakar saninsu, sai ɗan jarida ya ɗauki ta saman don kanun labari, mai fim ya ƙara nasa, mai kamfanin roba ya kwafa daga intanet ya ƙara nasa gishirin don akwatin ya fi na maƙwabcinsa shiga ido. Mu ma a kasuwarmu akwai irin haka, rodi a ce maka ɗan 12 ne ka sa ma'auni ka ga bai cika ba, a ce tsawonsa mita 12 ka miƙe ka ga ya gaza, shi ya sa ba na rabuwa da tef a aljihu.

Abin da ya fi min ciwo bayan wannan, a cikin kati 12 babu ko ɗaya daga Nijar, maƙwabtanmu na jini. Alhali ɗan uwan da aka yi amfani da shi wajen ƙiyasta Mai Tozo a 2005, Suchomimus, a hamadar Tenere aka tono shi a wani wuri da ake kira Gadoufaoua a jihar Agadas, a 1997, aka sa masa suna a 1998, tsawonsa wajen mita 11 kuma an samu kaso mai yawa na jikinsa ba guntun hanci ba. A can aka samu Nigersaurus mai faɗin baki, a Nijar ɗin kuma aka samu wani nau'in Carcharodontosaurus da aka raɗa wa suna a 2007, kuma a gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai ana iya zuwa a ga ƙwarangwal ɗin irin waɗannan dabbobi a tsaye. Har ƙaton kadan nan Sarcosuchus na Nijar bai tsira daga wannan ƙarin ba, a 2001 an ce ya kusa mita 12, a 2019 aka sake lissafi ya dawo wajen mita 9.5. Ƙanena ya ce mu ma nan ba a bar mu a baya ba, a ramin da ake haƙar farar ƙasa a Ashaka ana samun wasu halittun teku masu kama da dodon koɗi da suka zama dutse, an kai su can suna ɗalibai ya gani da idonsa, shaidar cewa teku ya taɓa rufe wannan yankin namu kusan zamani ɗaya da Mai Tozo. Wato simintin da nake lodawa kullum daga ƙasan tsohon teku yake. Wannan kam ya fi duk abin da ke katin burge yaran, babbar 'yata har cewa ta yi Bappa ya rantse.

Ranar Lahadi na kwashe su muka je fegin da nake ajiye kaya. Na sa yaran shago suka miƙe rodi guda a ƙasa, na auna da tef a gabansu ya cika 12, na ce toh ga T. rex nan daga hanci zuwa wutsiya. Muka ƙara mita 2 da igiya, na ce ga Mai Tozo. Muka ƙara wasu 4 na ce ga na katinku, igiyar har ta fita ƙofar fegi ta shiga hanya mai keke napep yana mana hon. Sannan na nuna musu tarin siminti, muka ƙirga buhu 148 muka sa alli, na ce ga nauyinsa. Na ɗauka yaron zai ji haushi an rage masa gwarzonsa. Ina! Kwanciya ya yi a gefen rodin, ƙannensa suka riƙa sa alama yana matsawa, sai da ya kwanta sau 9 da ɗan kai kafin ya ƙure mita 12, ya tashi duk jikinsa ƙura ya ce Baba wallahi ko wannan ma ya isa. Gaskiyarsa, abu mai tsawon kwantenar nan babba da haƙora kamar ayaba me yake nema da ƙari.

Na koma shagon ranar Litinin, ba don in mayar ba, da ma an rubuta a bango kaya in ya fita ba ya dawowa. Na nuna wa mai shagon katin na yi masa bayani a taƙaice, ya saurara har ƙarshe sannan ya ce Alhaji ni daga Kano nake saro su a katan, ko buɗewa ban taɓa yi ba, in ka ce giwa ce a ciki sai in yarda. Muka yi dariya. Ba laifinsa ba ne, amma na ce masa in malaman makaranta suka zo saya ya gaya musu kada su ɗora darasi a kan katin, don na ji yaron shagon yana cewa masu makarantun kuɗi suna saye suna manna fostar a aji. Ya ce in sha Allahu, ya kuma ba autata alewa.

In maki ake so, robar na ba ta 4 cikin 5, warin da fentin ne suka ci ɗaya. Shagon da mu'amalarsu 5. Fostar 2, takardar tana da kauri kuma launin ya fito amma faɗan da aka zana bai taɓa faruwa ba. Katin 1, shi ma don sunayen da ƙasashen da aka rubuta daidai ne a waɗanda na bincika. Kuɗin ya ɗan yi yawa, da a 12,000 ne da na ce kowa ya ruga. Wanda zai saya ya saya, yara suna jin daɗinsa sosai kuma ya raba nawa da waya na 'yan kwanaki wanda wannan kaɗai ma riba ce, amma ya haɗa da maka baƙa. Mu dai mun soke 18 mun rubuta 14, mun soke 20 mun rubuta 7 da rabi, na T. rex mun mayar 12 da ɗoriya, yaron da kansa ya yi rubutun da hannunsa mai kama da tafiyar kaza. Saura kati 9 ban bi ta kansu ba, ya ajiye min na Carnotaurus a kan filo tun jiya wai shi ne na gaba, ni kuma datata ta ƙare.